Kwanon da Nake Aikawa Garo

Talata, 26 ga Yuni 2001, bayan la'asar

Tun ranar Asabar ban zauna ba sai yanzu. Ina barandar ɗakin maza a babban asibitin birni, an kore mu za a gyara marasa lafiya. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya wa bayan littafin darasina.

Dalhatu. A nan dai zan iya rubuta sunansa ba mai cewa ba ni da kunya. A gida Tela nake ce masa, kamar yadda duk Gwarzo ke kiransa. Yana kan keke abin ya same shi, da hantsi, yana tsakiyar ɗinka hijaban ɗaliban wata Islamiyya. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a ɗinkin hijabi ya yi masa yawa, har nakan tsokane shi in ce duk jihar nan shi kaɗai aka yi wa ƙarin albashi. Maƙwabcin shagonsa ya ce ji ya yi keken ya yi shiru, da ya leƙa sai ya gan shi a karkace, yawu na zuba a kan yadin mutane.

Shanyewar ɓarin jiki ce, na dama. Hannu, ƙafa, da baki. Magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa. Duk abin da aka ce masa sai ya ce "To." Mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce.

Laraba, 27 ga Yuni, da azahar

Likitarmu mace ce, Dakta Furera, 'yar siririya mai saurin magana. Yau ta zaunar da ni da Zulaiha. Zulaiha ƙanwar Tela ce, kuma ƙawata ce tun muna firamare a Kabo. Ita ce ma ta riƙa kai masa saƙona kafin aurenmu. Tun da mijinta ya rasu take zaune a Garo wajen Inna Uwaliya, mahaifiyarsu.

Dakta ta ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa, ba fashewa ta yi ba. Sannan ta ce akwai wani abu a gwajin jininsa da take so mu riƙe, sunansa albumin. Hanta ce ke haɗa shi daga abinci mai gina jiki, yana yawo a cikin jini. Shi ke riƙe ruwa kada ya tsiyaye ya taru a ƙafa, kuma jikin da ba shi da isasshe ba ya saurin warkar da ciwo. Na lafiyayye yakan wuce talatin da biyar. Na Tela talatin da biyu.

"Ba magani ba ne, alama ce," in ji ta. "Amma abin da muke gani, masu irin wannan ciwo da nasu ya yi ƙasa sun fi daɗewa a kwance, sun fi samun gyambon kwanciya, kuma gashin da ake yi don motsa gaɓoɓi ba ya karɓarsu da wuri. Ciwo ma yana saukar da shi, wannan ba a hannunku yake ba. Abinci ne a hannunku."

Na ce me za a ba shi? Ta ce ƙwai, wake, nono, kifi, naman kaza, duk a yi su da laushi don haɗiya tana ba shi wuya. A rage gishiri da mai. Ta sa muka maimaita mata kamar 'yan aji uku. Zulaiha ta fi ni kawowa daidai, har Dakta ta yi dariya ta ce wace ce malamar a cikinmu.

Da muka fito na ce wa Zulaiha duk laifin shagon nan ne, mutum ya wuni a kan keke da goro da ruwan shayi. Ta ce in daina kuka, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Alhamis, 5 ga Yuli, bayan magariba

An sallame mu, amma ni kaɗai na dawo Gwarzo.

A bakin asibiti Yaya Muhammad Nur, babban wansu, ya ce an yanke shawara Garo za a wuce da shi. An yanke. Yaushe, da wa, oho. Wai ni ina zuwa makaranta, ga yarinya, wa zai zauna da shi da rana? Inna ta ce mara lafiya ɗakin uwarsa ya sani. Matar da aka yi wa tarbiyya ba ta jayayya da uwar mijinta a bakin titi, haka aka koya mini, ni kuma na haddace da kyau.

Zulaiha ce ta ja ni gefe. Ta ce, "Badi'a, ke dai ki dafa ki aiko. Ni zan zama hannunki. Da cokali zan zauna a kansa har sai ya cinye."

Da ba don ita ba da ban yarda ba. In na samu hutun makaranta a farkon Agusta zan dawo da shi. Ranar biyu ga wata za mu koma a sake gwajin.

Na shiga ɗaki na tarar an kawo kekensa daga shago da buhun yadin da bai gama ba. Na lulluɓe keken da zane.

Litinin, 9 ga Yuli, da hantsi, lokacin tara

Na samu hanya. Mudi direba yana fita da bas ɗinsa zuwa Kano da sassafe, ta Garo yake bi, da yamma ya biyo da kwanon. Ya ce Tela ne ya ɗinka masa kayan angwanci, ba zai karɓi ko sisi ba.

Ina tashi kafin kiran asuba in hura wuta. Allah Ya taimake ni damina ce, matan Fulani na shigowa da ƙwan zabi da kindirmo. Yau na yi alala mai laushi, na murmushe ƙwai uku a kai. A babban kwanon nan mai ruwan shuɗi na kayan aurena nake zubawa, don ya gan shi ya san daga ina yake.

Litinin, da yamma

Kwano ya dawo a wanke. Inna ta sako daddawa a ciki, ba a mayar da kwano haka.

Laraba, 11 ga Yuli, da yamma

A wanke. Da garin kuka. Alhamdu lillahi, yana ci.

Asabar, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Garo. Ɗakin Inna cike da 'yan dubiya, sai da na gaisa da kowa kafin na kai gare shi. Ya rame, amma na ce ai jinya ce. Na buɗe kwanon da na zo da shi zan ba shi, Inna ta ce, "Yanzun nan ya ci, 'yar nan, kada a cika masa ciki. Ajiye, anjima Zulaiha ta ba shi." Ni ma dai da nauyi in zauna ina ba miji abinci a baki a gaban uwarsa da dattawan unguwa. Na rufe na ajiye a bakin ƙofa.

Na ga wata jarka a ƙarƙashin gado da baƙin ruwa a ciki, da ƙullin saiwoyi. Inna ta ce wani mai magani ne daga wajen Madadi yake taimakawa. Tunda yana shan ƙwayoyin asibiti yana cin abincinsa, a haɗa da addu'a da saiwa, me zai rage ni da shi?

Da zan tafi ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya riƙe gam. Idonsa a kan kwanon. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce "To. To." Na ce masa, "Ka gane shi ko? Kwanon gidanka ne, Tela. Ka kusa komawa." Har ƙwalla ya yi. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya don kada mota ta wuce ni.

Zulaiha ta rako ni titi. Na saya mana dafaffiyar masara ta ce azumi take yi. Baiwar Allah, ga jinya ga azumi saboda ɗan'uwanta. Na ji kunyar kaina.

Talata, 17 ga Yuli, da yamma

A wanke. Da gyaɗa.

Har yanzu ba a yi albashi ba. Hedimasta ya ce a yi haƙuri, kamar haƙuri ana zuba shi a tukunya.

Alhamis, 19 ga Yuli, bayan asuba

Na sa an yanka jar kazata, wadda ta fi kowacce ƙwai. Na dafa ta har ta saki ƙashi, na daka naman a turmi. Maryamu ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Umma, ko romon?" Na ce na Babanki ne, in ya warke ya sayo mana guda biyu. Shekararta biyar amma ba ta yi kuka ba, ta koma ta ci ɗumamen tuwonta da miyar da ba ta ga nama ba tun watan jiya.

Asabar, 21 ga Yuli, bayan magariba

Ƙafafunsa sun kumbura. Na danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Inna ta ce alamar nasara ce, magani ne yake koro cutar ta ƙasa. Ni kuwa maganar Dakta ce ta faɗo mini, ruwan da ke taruwa a ƙafa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, rigar da shi ya auna ya ɗinka wa kansa.

Yau ma wai yanzun nan ya ci.

Na ja Zulaiha bayan rumbu. Na ce, "Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, yana cin abincin nan?" Ta dube ni cikin ido ta ce, "Wallahi tallahi yana ci. Ni nake ba shi da hannuna. Badi'a, ni za ki tuhuma?" Har ta fara hawaye. Na ba ta haƙuri. Ni na ba ta haƙuri.

Yau ma da azumi a bakinta.

Laraba, 25 ga Yuli, da yamma

A wanke. Da tsamiya.

Wataƙila ciwon ne yake cinye abincin. Dakta ai ta faɗa. Zan ƙara ƙwai ɗaya.

Asabar, 28 ga Yuli, da azahar

Ban je ba. Babu mai a gidajen mai, motocin da suka fito kuɗinsu ya ninka, Mudi ma yana layi tun jiya. Na ba wani mai keke ɗan Garo kwanon. Kaji biyu suka rage.

Alhamis, 2 ga Agusta, bayan magariba

Ashirin da shida.

Juma'a, 3 ga Agusta, bayan asuba

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Ni da Yaya Muhammad Nur muka kai shi. Zulaiha ta ce kanta na ciwo. Aka ɗebi jini da safe, muka jira har la'asar. Da Dakta Furera ta duba sakamakon, ta ga albumin ya sauka zuwa ashirin da shida, sai ta cire gilashinta ta ce, "Malama, me mutumin nan yake ci?"

Na lissafa mata. Alala, ƙwan zabi, kindirmo, kaza, kifi ranar kasuwa. Ina lissafi ina jin daɗin kaina. Ta sa aka juya shi ta ɗaga rigarsa. A ƙasan bayansa akwai gyambo kamar faɗin bakin kofi, an barbaɗa masa wani gari. Ban taɓa gani ba. Ina zan gani, kullum a gaban mutane nake ganinsa?

Ta ce gyambon kansa yana iya ƙara saukar da albumin, ba za ta ɗora komai a kan abinci ba. Sai ta kama damtsensa na hagu, mai lafiyar, ta zagaye shi da yatsu biyu. "Amma wannan jikin bai ga abin da kike lissafawa ba. Na so a ce yau mun tura shi gashi sosai, ya fara tsayuwa. Da wane ƙarfin zai tsaya?"

Kallon da ta yi mini, kallon maƙaryaciya ne. Matar da ta bar mijinta da yunwa ta zo tana tsara wa likita zance. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta so ta kwantar da shi, Yaya ya ce ba hali. Aka wanke ciwon, aka ba mu magani. A mota na tambayi Yaya, ya ce shi ina ruwansa da abin da ake dafawa, wannan zancen mata ne. Tela yana jingine a kafaɗata, ba nauyi, kamar na ɗauko dami na kara.

Yau za a ba da hutu. Gobe zan je Garo, ba kuma zan aika kowa ya ce ina tafe ba.

Asabar, 4 ga Agusta, da yamma

Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 5 ga Agusta, da hantsi

Bari dai in rubuta, in ba haka ba zai kashe ni.

Na sauka a titi da kwanon a hannu, na bi ta lungun bayan masallaci. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofar gidanta tana tsince wake, Iya Sabuwa suke ce mata. Na gaishe ta. Ba ni ta kalla ba, kwanon ta kalla, fuskarta ta washe.

"Ashe ke ce mai shuɗin kwano! Zo nan 'yata, zo in sa miki albarka. Rabona da ƙwai tun maigidana na da rai, sai ga shi kullum ana kawo mana sadakar Dalhatu. Ni da makauniyar gidan can da mai jegon bayanmu muke rabawa. Kazar nan da kika daka, ko haƙori ba ta nema. Allah Ya tashi kafaɗunsa."

Na ce amin. Wallahi na ce amin, har na durƙusa ta dafa kaina.

Na shiga gidan ban yi sallama ba. Na same shi shi kaɗai da kofin kunu a gefensa, tsararo, ko tsamiyar kirki babu. Zulaiha tana tsakar gida tana wanki. Da ta ga fuskata ta saki rigar cikin ruwa.

Ba ta musa ba. Wai mai maganin ne ya kafa ƙa'ida: ba ƙwai, ba nono, ba nama, ba wake, duk suna tayar da jini kuma suna karya magani. Kunu kawai da ruwan jarka. Abin da aka kawo masa kuma a bayar sadaka da sunansa, ya fi masa amfani a can fiye da a cikinsa. Inna ta ce in ta gaya mini ba ta yafe mata nonon da ta sha ba.

Na ce, "Kina wurin Dakta ta yi bayani. Ke kika fi ni haddacewa."

Ta ce, "Uwata ce, Badi'a. Ya zan yi? Ko loma ɗaya ban taɓa ci ba, Allah Ya gani."

Na ce, "Rantsuwar fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ai duk ranar da ta yi mini ƙarya sai ta ɗauki azumin kaffara.

Azumin ke nan. Azumin da na gani na ji kunyar kaina, na ce ta fi ni son mijina. Ta shirya da Ubangijinta tsaf, ta biya abin da take ganin ana bin ta, sannan da safe ta karɓi kwanona daga hannun Mudi ta wuce da shi ta gaban ɗan'uwanta yana kallo. Yana kallo. Ranar da ya riƙe mini hannu yana duban kwano, ba gida yake tunawa ba. Yunwa yake gaya mini, da kalma ɗayan da ta rage masa, ni kuma na ɓamɓare yatsunsa don kada in rasa mota.

A Islamiyya an koya mana rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya yake ba ta da kaffara, sai tuba. Tare muka yi karatun da ita, a tabarma ɗaya.

Litinin, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Na dawo da shi.

Na roƙi Mudi ya shigo da bas har ƙofar gida. Inna ta fito ta tsaya a bakin ɗaki. Ban ɗaga mata murya ba, na durƙusa na ce, "Inna, na zo tafiya da shi." Ta ce da izinin wa? Yaya ya ce in bari a zauna a yi magana. Na ce an zauna a bakin asibiti ba da ni ba, wannan karon ma a zauna bayan mun tafi.

Inna ta fashe da kuka. Ta ce haka Malam, mahaifinsu, ya tafi. Irin wannan ciwon, yana samun sauƙi aka ba shi naman Sallah, kwana biyu ya cika. Ta ce ba za ta binne ɗa a kan abin da ta binne miji ba. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na tausaya mata, har yanzu ina tausaya mata. Ita ba ta je gaban likita ba, kuma ba ta rantse mini ba.

Na juya na ce, "Tela, mu tafi gida?" Ya ce "To." Yaya ya ce ai komai aka ce masa haka yake cewa. Gaskiya ne. Sai dai ya miƙo hannun hagu ya damƙi gefen hijabina, wanda shi ya ɗinka, ya nannaɗe shi a yatsunsa. Har Mudi da Yaya suka ɗauke shi bai saki ba, a sunkuye na bi su zuwa mota.

Inna ta ce, "In ya mutu a hannunki fa?" Na ce na ɗauka.

Waccan da nake kira ƙawata tana tsaye a jikin rumbu. Ban kalle ta ba.

Talata, 7 ga Agusta, da hantsi

Tun ranar gwaji Dakta ta ce a fara kaɗan-kaɗan. Na dama kindirmo ya sha, na ɓare masa ƙwai ɗaya zan murmushe. Kafin in ɗauko cokali ya fizge shi ya dunƙule a hannu, yana kallon ƙofa. Na ce ba mai zuwa, Tela, naka ne. Bai buɗe hannun ba sai da na tashi na sa sakata.

Juma'a, 10 ga Agusta, da yamma

Ina juya shi, ina wanke ciwon, ina motsa masa hannu da ƙafa yadda aka nuna mini a asibiti. Bayana kamar zai ɓalle. Yana ci. Da idona nake gani yanzu, ba kwano nake tambaya ba.

Maryamu tana zama kusa da shi. Duk abin da ya rage nakan ba ta, amma ba ya ragewa.

Talata, 14 ga Agusta, da azahar

Masu hijabai sun aiko. Na kwance buhun na mayar wa kowa yadinsa. Guda ɗaya har yanzu da allura a jiki, rabin ɗinki, da tabon yawun. Shi na riƙe, na ce ya ɓace.

Alhamis, 16 ga Agusta, bayan magariba

Mudi ya kawo kwano daga Garo, ɗan fari mai murfi. Na san shi, ni da waccan muka saye shi a kasuwar Getso. Ƙwan zabi ne a ciki, dafaffe, da saƙon baki: wai a gaishe ni, wai ta kasa barci.

Ƙwan ba shi da laifi, na ba shi ya ci. Kwanon na wanke na kife. Da safe Mudi ya tsaya yana jira in saka wani abu a ciki, ko goro ne. Na miƙa masa haka. Ya leƙa ciki, ya dube ni, ya ce, "Malama, haka zan kai?" Na ce haka.

Da maƙiyi ne ya yi mini da tuni na huce. Ana zaton wuta a maƙera.

Laraba, 22 ga Agusta, da hantsi

Kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Gyambon ya yi ja a gefe, ma'aikaciyar asibitinmu ta nan ta ce alamar haɗewa ce.

Kaza ta ƙarshe.

Alhamis, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Talatin. Ya hau.

Na gaya wa Dakta Furera komai, don ba zan iya barin ta da wancan kallon ba. Ta ce in yafe mata. Ta gwada ƙafar, ya ɗan tura hannunta, ta ce akwai rai a nan, za a fara gashi, da sanda zai iya tafiya in Allah Ya so. Ta ɗaga hannun dama ta saki, ya faɗo kan cinyarsa. Yatsun sun riga sun fara lanƙwashewa ciki. Ta daɗe tana murza su.

Na ce ta gaya mini gaskiya, da ya ci abincin nan da hannun ya dawo?

Ta ce, "Ba zan ce miki eh ba, don ban sani ba. Akwai wanda ake yi wa komai hannun bai dawo ba. Abin da na sani, makonnin farko su ne jiki ya fi karɓar gyara, shi kuma ya yi su a kwance da yunwa."

Da ta ce mini a'a da na huta. Da ta ce eh da na san abin da zan riƙe waccan da shi har gaban Allah. Yanzu sai in ta kallon hannun nan ina tambaya har in mutu.

Asabar, 1 ga Satumba, da hantsi

Ya nuna keken da haɓa. Na yaye zanen, muka zaunar da shi ni da maƙwabcinmu. Ya ɗora ƙafar hagu a kan feda, ya jawo ta dama da hannu ya ajiye kusa da ita. Keken ya juya, ƙarar nan da na yi wata biyu ban ji ba ta cika ɗakin. Babu zare, babu yadi. Ya dubi hannun daman a kan cinyarsa ya jira shi. Ya daɗe yana jira. Sannan ya tsayar da keken ya ce "To."

Litinin, 3 ga Satumba, bayan asuba

Na zo wanke rigarsa ta jiya na ji abu a aljihun hagu. Ƙwai ne, ɓararre, ya murƙushe ya manne da yadin. Na duba ƙarƙashin matashinsa, akwai wani, ya fara wari.

Sau uku yake ci a rana, a hannuna, a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Har yanzu ɓoyewa yake yi.

Ban nuna masa na gani ba. Na wanke aljihun, na shanya rigar, na je na dafa masa biyu: ɗaya don ci, ɗaya don ɓoyo.